Juya Maganaɗisu da Bolteji da Matsi a Siraran Shimfiɗu

Tun shekarar 1820, lokacin da Hans Christian Oersted ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan lantarki ya bi ta wayar da ke kusa da ita, babbar hanyar da ɗan Adam ya sani ta sarrafa maganaɗisu ita ce ya sa wuta ta kwarara. Fanka da lasifika da taransifoma duk a kan wannan suke aiki, kuma babu mai raina amfaninsu. Sai dai kwararar lantarki tana zuwa da haraji, domin duk inda ta bi sai ta bar zafi, zafin nan kuwa wuta ce da aka biya kuɗinta ta tafi a banza. A babban inji ana iya jure wannan asara. A cikin na'urar da ke ɗauke da biliyoyin ƙananan maganaɗisai, waɗanda ake son juya kowannensu kafin ƙiftawar ido, asarar takan zama ita ce uwar matsala. Tambayar da ta daɗe tana ɗaukar hankalina ita ce ko za a iya juya maganaɗisu da bolteji kawai, wato a ɗora masa filin lantarki ba tare da an bar wuta ta ratsa shi ba.

Dalilin da ya sa tambayar ta yi nauyi yana cikin yadda ake adana bayanai. Ɗan ƙaramin maganaɗisu idan ya fuskanci sama sai a ce ɗaya, idan ya fuskanci ƙasa sai a ce sifiri, kuma yana riƙe da wannan matsayi ko da an ɗauke wuta. Karanta matsayin ya zo da sauƙi bayan Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus sun gano a 1988 cewa idan aka jera shimfiɗun baƙin ƙarfe da kuromiyam masu kaurin 'yan nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), yadda lantarki ke wucewa ta cikinsu yana canzawa sosai gwargwadon alƙiblar maganaɗisun kowace shimfiɗa. Wannan aiki ne ya ba su lambar Nobel a 2007. Kamfanin Freescale ya fara sayar da ma'adanar bayanai ta maganaɗisu, wadda ake kira MRAM, a 2006. Rubutawa ce ta ci gaba da zama mai tsada. Dabarar da John Slonczewski da Luc Berger suka kawo a 1996, wadda masana'antu ke amfani da ita yanzu, tana tura ilekturon kai tsaye ta cikin maganaɗisun su murɗa shi, amma tana buƙatar kwarara mai yawan miliyoyin amfiya a kowace murabba'in santimita, kuma kowane rubutu ɗaya yakan ci abin da ya kai femtojul 100 ko kusa da haka. Femtojul kashi ɗaya ne cikin tiriliyan 1000 na jul, ma'aunin makamashi, saboda haka adadin zai yi kama da abin da bai kai a ambata ba. Amma Rolf Landauer ya nuna tun 1961 cewa mafi ƙarancin makamashin da dokokin kimiyya suka wajabta don goge bayani ɗaya ya gaza wannan adadi da fiye da sau miliyan 10. Tsakanin inda muke da inda doka ta tsaya akwai fili mai faɗi ƙwarai. Idan aka haɗa da ƙiyasin Hukumar Makamashi ta Duniya cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha wutar da ta kai terawat-awa 415 a 2024, wato kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, za a ga abin da ya sa ake bin wannan fili da gaske.

Bolteji yana da wata falala da kwarara ba ta da ita. Idan aka sa abu marar wuce da lantarki tsakanin faranti biyu aka ɗora bolteji, caji kaɗan ne zai taru a gefuna, daga nan sai komai ya tsaya, filin lantarki kuma ya zauna a ciki ba tare da ci gaba da cin wuta ba. Da za a samu abin da maganaɗisunsa ke jin wannan fili, da an rage asarar ninki ba ninki. Pierre Curie ya yi hasashen yiwuwar haka a 1894, Igor Dzyaloshinskii ya nuna da lissafi a 1959 cewa sinadarin Cr2O3, haɗin kuromiyam da oksijin, zai yi hakan, Dmitry Astrov kuma ya auna shi a 1960 a Tarayyar Sobiyat. Tasirin gaskiya ne, amma ƙanƙane ne ainun. Daga nan aka shiga neman sinadari guda wanda yake da maganaɗisu kuma yake ferolantarki, wato yana da rabuwar caji ta dindindin da ake iya juyawa da bolteji. Irin waɗannan sinadarai sun yi ƙaranci, kuma Nicola Spaldin ta bayyana dalili a wata maƙala ta shekarar 2000: a yawancin oksayid (haɗin ƙarfe da oksijin) da aka sani, ferolantarki yana son atam ɗin ƙarfen da ke tsakiya ya zama babu ilekturon a wani zagaye nasa na waje, alhali maganaɗisu ba ya samuwa sai da ilekturon a wannan zagayen. Sharaɗin ɗaya yana korar na ɗayan. Sinadarin da ya fi shahara wajen kauce wa wannan shi ne BiFeO3, inda atam ɗin bismut ke ɗauke da ɓangaren lantarki, baƙin ƙarfe kuma yana ɗauke da na maganaɗisu. Ramamoorthy Ramesh da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland sun girka shi a siririyar shimfiɗa a 2003, suka samu rabuwar caji mai ƙarfi, kuma tsarinsa na maganaɗisu ba ya rushewa sai zafi ya kai wajen digiri 370 na Selshiyas. Illarsa ita ce ƙananan maganaɗisan da ke cikinsa suna fuskantar juna baya da baya, suna kashe ƙarfin juna, abin da ke fitowa waje kaɗan ne.

A nawa ganin, hanyar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce wadda ta haƙura da neman sinadari guda, ta haɗa abubuwa biyu kowanne gwani a fanninsa, ta bar motsin jiki ya zama manzo a tsakaninsu.

Abu na farko shi ne cewa maganaɗisu da tsawon abu suna da alaƙa. James Joule ya auna a 1842 cewa sandar ƙarfe tana canza tsawo idan aka mayar da ita maganaɗisu, Emilio Villari kuma ya nuna akasin haka a 1865, wato idan aka ja ƙarfen ko aka matse shi, halinsa na maganaɗisu yana canzawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da taransifomar unguwa ya ji wannan da kunnensa, domin ƙugin da take yi mafi yawansa daga ƙarfen cikinta ne da ke miƙewa yana komawa. Akwai wani abu a cikin ƙugin nan da ya kamata a riƙe. Wutar da ke shiga tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, amma ƙugin yana fitowa sau 100, saboda ƙarfen yana miƙewa daidai wa daida ko filin ya fuskanci gaba ko ya fuskanci baya. Miƙewa ba ta bambance arewa da kudu. Girman canjin ya danganta da irin ƙarfen: nikel yana tsukewa da kashi talatin da wani abu cikin miliyan, gaurayen baƙin ƙarfe da galiyam yana kai ɗaruruwa cikin miliyan, wani gaurayen ƙarfe mai suna Terfenol-D kuwa, wanda aka haɗa a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka a shekarun 1970, yana iya kai wajen 2000 cikin miliyan.

Abu na biyu shi ne kiristal ɗin da ke motsi da bolteji. 'Yan'uwan nan biyu, Pierre da Jacques Curie, sun gano a 1880 cewa wasu kiristal suna fitar da caji idan aka matse su, ba da jimawa ba kuma aka tabbatar da cewa idan aka ba su bolteji suna miƙewa ko su tsuke. Laitar gas da ake latsawa ta ba da tartsatsi ba tare da batir ba tana aiki da wannan. A 1972 wani masani a ɗakin binciken kamfanin Philips a Holan, van Suchtelen, ya tsara tunanin cewa idan aka manna abu mai motsi da bolteji da abu mai jin motsi a maganaɗisunsa, haɗin zai samu wata siffa da babu ɗayansu mai ita shi kaɗai. Makaɗin kalangu ya san wannan hikima a aikace: ba ya taɓa fatar don ya canza murya, tsarkiyoyin yake matsewa a hammata, su ja fatar ta ɗaure, sautin ya hau. Kiristal ɗin ƙasa shi ne tsarkiyoyin, siririyar shimfiɗar maganaɗisu da ke samansa ita ce fatar, bolteji kuma shi ne hannun makaɗi.

Sirantar shimfiɗar ita ce ke ba da dama. Shimfiɗa mai kaurin nanomita 20 da aka girka a kan kiristal mai kaurin rabin milimita ba ta da ta cewa, domin kiristal ɗin ya fi ta kauri sau 25,000, duk inda ya ja ta sai ta bi. Idan kuma an girka ta atam bisa atam, ta yadda jerin atam ɗinta ya hau daidai kan na kiristal ɗin, takan jure ja ko matsi na kashi 1 zuwa 4 cikin 100, alhali dunƙulen irin wannan yumɓu na oksayid yakan tsage tun kafin ya kai kashi 1. Darrell Schlom da abokan aikinsa sun nuna ƙarfin wannan a 2004, lokacin da suka girka SrTiO3, wanda a ɗabi'arsa ba ferolantarki ba ne, a kan DyScO3, jan da bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba ya mayar da shi ferolantarki a zafin ɗaki. A 2006 Craig Fennie da Karin Rabe suka yi hasashe da lissafi cewa EuTiO3, wanda ba shi da ko ɗaya daga siffofin biyu, zai samu dukansu idan aka tauye shi yadda ya kamata, a 2010 kuma aka girka shi aka same shi haka, ko da yake maganaɗisun nasa ba ya bayyana sai a sanyin da bai wuce digiri 4 da ɗoriya sama da sifirin ƙarshe ba, wato mafi tsananin sanyin da zai yiwu. Ina ganin wannan ɗaya ne daga cikin kyawawan ayyukan fannin, saboda lissafi ne ya riga ya faɗi inda za a duba, aka duba aka gani. Sai dai wannan ja ne na dindindin da aka ɗaure tun ranar girki, ba a iya kunna shi a kashe.

Jan da ake kunnawa ya fara bayyana sosai a 2007. A Jami'ar Cambridge, Wilma Eerenstein da Neil Mathur da abokansu sun ɗora shimfiɗar oksayid ta manganis mai kaurin nanomita 40 a kan kiristal na BaTiO3, wanda ferolantarki ne mai motsi da bolteji, suka ga maganaɗisun yana tsalle farat ɗaya idan aka ba da bolteji. A shekarar kuma Kathrin Dörr da tawagarta a Dresden suka yi irin wannan a kan wani kiristal mai motsi da bolteji da ake kira PMN-PT, suka samu canji mai tafiya a hankali wanda ke komawa idan an janye boltejin. Don a fahimci tsallen da aka gani a Cambridge sai an kalli BaTiO3 da kyau. A zafin ɗaki, ƙaramin akwatin atam ɗinsa ba murabba'i ba ne cif, gefe ɗaya ya fi sauran tsawo da kashi 1.1 cikin 100, kuma rabuwar cajin tana bin wannan dogon gefe. Kiristal ɗin yakan rabu yanki-yanki: a wani yanki dogon gefen yana kwance ya miƙa gabas, a wani yana kwance ya miƙa arewa, a wani kuma yana tsaye. Bolteji idan ya ratsa kiristal ɗin daga sama zuwa ƙasa sai ya tilasta wa yankunan su miƙe tsaye, fuskar da shimfiɗar ke manne da ita ta tsuke nan take. Tawagar Sebastiaan van Dijken a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan ta sa an ga wannan da ido a 2011 da 2012. Sun ɗora gaurayen kobalt da baƙin ƙarfe a kan BaTiO3, suka ɗauki hoton wuri guda da na'urar hangen ƙananan abubuwa ta hanyoyi biyu, ɗaya tana nuna yankunan lantarki na ƙasa, ɗaya tana nuna yankunan maganaɗisu na sama. Hotunan biyu suka fito da zane iri ɗaya, ratsi-ratsi masu faɗin 'yan maikuromita, layi bisa layi. Da suka ba da bolteji iyakokin ratsin ƙasa suka gusa, sai na sama suka bi su. Ban san wata hujja da ta fi wannan gamsar da mai shakka ba.

Misalin da na fi so shi ne na gaurayen baƙin ƙarfe da rodiyam, FeRh. Wannan ƙarfe yana da wata ɗabi'a ta daban: a zafin ɗaki ƙananan maganaɗisansa suna kashe juna, ba ya jan komai, amma idan aka ɗumama shi zuwa kusan zafin tafasar ruwa sai su juya gaba ɗaya su fuskanci wuri guda, ya zama maganaɗisu sosai, jikinsa kuma ya kumbura da kusan kashi 1 cikin 100. Tun da zama maganaɗisu yana tafiya da kumburi, duk abin da ya hana shi kumbura zai jinkirta zamansa maganaɗisu. A 2014 masu bincike a ɗakin haɗin gwiwa na hukumar CNRS da kamfanin Thales kusa da birnin Faris, ciki har da Manuel Bibes da Agnès Barthélémy, sun girka FeRh a kan BaTiO3, suka nuna cewa bolteji kaɗan yana gusar da zafin da sauyin ke faruwa da kimanin digiri 25. Idan aka tsayar da samfurin a tsakiyar wannan tazara, boltejin zai iya kunna maganaɗisun ya kuma rage shi. A nan ba alƙibla kawai ake juyawa ba, tsarin maganaɗisun ne baki ɗaya ake sauyawa. Abin da ya rage shi ne zafin da ake aikin ya fi na cikin aljihu nesa ba kusa ba, rodiyam kuma yana cikin ƙarafa mafi tsada a duniya.

Duk da ƙaunar da nake yi wa wannan hanya, tana da cikas guda uku da ba na son a riƙa tsallake su a rubuce-rubuce. Na farko shi ne wanda ƙugin taransifoma ya riga ya nuna. Ja ko matsi yana zaɓar layi ne, ba ya zaɓar kan layin. Zai iya ce wa maganaɗisu ya bar layin gabas da yamma ya koma layin arewa da kudu, amma ba zai iya ce masa ya fuskanci arewa ya bar kudu ba. Saboda haka abin da ake samu cikin sauƙi shi ne juyi na digiri 90, kamar yadda aka nuna a 2013 a Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan da ƙananan tsibiran nikel a kan PMN-PT, alhali ma'adanar bayanai ta fi son cikakken juyi na digiri 180. Ana da dabaru: a yanka maganaɗisun da siffa mai kusurwa huɗu a juya shi mataki biyu, ko a ba shi bugun bolteji mai gajartar ƙasa da nanodaƙiƙa a janye daidai lokacin da ya yi rabin zagaye. Kowace dabara tana ƙara wahalar ƙira, ta biyun kuma tana buƙatar daidaiton lokaci a biliyoyin na'urorin da ba su taɓa zama iri ɗaya cif ba.

Cikas na biyu ya fi damuna. Kusan dukkan kyawawan sakamakon nan an same su ne a kan dunƙulen kiristal, inda ake ba da bolteji sau da yawa na ɗaruruwan bolt don a samu filin da ake so a kaurin rabin milimita. A lissafi, filin da bolt 400 ke bayarwa a rabin milimita, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na bolt zai ba da shi a shimfiɗa mai nanomita 100, kuma daga irin wannan lissafi ne ake fitar da alkawuran ƙarancin makamashi. Amma da zarar an mayar da abin mai motsi siririyar shimfiɗa a kan silikon, sai silikon ɗin ya riƙe ta ta ƙasa, ta kasa miƙewa a kwance. Dokar da ta sa shimfiɗar maganaɗisu ta bi kiristal ita ce ta dawo ta ɗaure shimfiɗar mai motsi. Ana rage wannan ta hanyar yanka shimfiɗar ta zama ƙananan ginshiƙai ko ta rarake silikon ɗin da ke ƙarƙashinta, sai dai motsin ginshiƙi ɗaya yana iya isa ga maƙwabcinsa ya taɓa bayanin da ba a yi niyyar taɓawa ba. Na uku kuma shi ne gajiya: kiristal ɗin da ake juya yankunansa kullum yakan fara tsattsagewa, mafi ƙarfinsu kuma, irin su PMN-PT da PZT, suna ɗauke da dalma, wadda masana'antun na'urori ke ƙoƙarin rabuwa da ita.

Saboda haka ne wasu suka bi hanyar caji kai tsaye. Hideo Ohno da tawagarsa a Jami'ar Tohoku ta Japan sun nuna a 2000 cewa bolteji yana iya kunna maganaɗisu ya kashe a wani sinadari na indiyam da manganis da arsenik, amma a sanyin da ya kai wajen digiri 250 ƙasa da sifiri, da bolt 125, zafin da maganaɗisun ke ɓacewa kuma ya gusa da kusan digiri ɗaya tak. A ƙarfe abin ya fi wuya, domin ilekturon ɗin ƙarfe suna tare filin lantarki tun a jerin atam na farko. Mafita ita ce a sirantar da ƙarfen har jerin farko ya zama babban kaso na jikinsa. A 2007 masu bincike a Grenoble sun ga tasirin a shimfiɗar FePt (gaurayen baƙin ƙarfe da filatinam) mai nanomita 2, a 2009 kuma tawagar Yoshishige Suzuki a Jami'ar Osaka ta canza ƙarfin da ke riƙe alƙiblar baƙin ƙarfe mai kaurin 'yan atam da kusan kashi 40 cikin 100. Wannan hanya tana da babban gata, domin tana aiki a mahaɗar ƙarfe da MgO (oksayid ɗin magnisiyam), wadda tuni masana'antu ke amfani da ita a MRAM, a 2016 kuma aka ba da rahoton rubutu da femtojul 6 a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ita ma dai ba ta zaɓar kan layi, kuma ƙarfin tasirin yana buƙatar ninkawa kafin ya ishi ƙananan na'urori. Geoffrey Beach a jami'ar MIT ta Amurka ya bi ta wata ƙofa, inda bolteji ke tura atam ɗin oksijin su shiga shimfiɗar kobalt su fita. Canjin yana da girma kuma yana zama bayan an ɗauke wuta, amma atam ya fi ilekturon nauyi nesa, saboda haka rubutun yana da nawa.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da nake nema a duk maƙalar da ta yi iƙirarin sarrafa maganaɗisu da bolteji, wato a canza kaurin shimfiɗar a sake aunawa. Tasirin caji yana zaune a fuska, saboda haka yana dusashewa da zarar kaurin ya wuce 'yan nanomita. Tasirin ja da matsi kuwa yana ratsa ɗaruruwan nanomita bai raunana ba. Haka kuma idan aka juya boltejin daga tabbatacce zuwa korau, tasirin caji yana juyawa tare da shi, na matsi kuwa sau da yawa yakan ba da amsa iri ɗaya ta ɓangarorin biyu. Inda marubuta ba su yi wannan rarrabewa ba, ina karanta sakamakonsu da taka-tsantsan, domin hanyoyin uku suna iya aiki lokaci guda a samfuri ɗaya, kuma wanda bai san wacce ce ke ja ba, ba zai san abin da zai faru ba idan aka ƙanƙantar da na'urar.

Cikakken juyi na digiri 180 da bolteji kaɗai a zafin ɗaki an nuna shi a 2014, a aikin John Heron tare da Ramesh da Schlom, inda aka ɗora kobalt da baƙin ƙarfe a kan BiFeO3. Sirrin shi ne rabuwar cajin BiFeO3 ba ta juyawa tashi ɗaya, tana bin mataki biyu, digiri 71 sannan 109, a kan hanya kuma tana jan ɗan maganaɗisun cikinsa ya juya, shi kuma ya ja na ƙarfen da ke sama. A kan wannan ne masu bincike na kamfanin Intel da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da tsarin na'urar lissafi da suka kira MESO a ƙarshen 2018, suna hasashen za ta rage makamashi sau 10 zuwa 30 idan aka kwatanta da taransista, ƙaramin makunnin da kwamfutoci ke lissafi da shi. Hasashen ya dogara da a iya juya BiFeO3 da kusan kashi ɗaya cikin goma na bolt, da kuma a kare mahaɗar ƙarfe da oksayid daga tsatsar da oksijin ke jawowa bayan juyi mai yawa, kuma waɗannan sharuɗɗa biyu ba ƙanana ba ne.

Ga matsalar riƙon silikon kuwa, abin da ya fi ba ni fata ya fito daga ɗakin binciken Harold Hwang a Jami'ar Stanford. A 2016 sun nuna cewa za a iya fara girka siririyar shimfiɗar Sr3Al2O6, wadda ke narkewa a ruwa, a ɗora shimfiɗar da ake so a kanta, sannan a tsoma samfurin a ruwa. Shimfiɗar tsakiya ta narke, ta saman ta ɓantare lafiya lau da jerin atam ɗinta, a ɗauke ta a manna inda ake so. A 2020 sun manna irin wannan shimfiɗa ta oksayid ɗin manganis a kan roba suka ja ta fiye da kashi 8 cikin 100, har ta tashi daga ƙarfe mai maganaɗisu ta koma abu marar wuce da lantarki. Shimfiɗar da ba ta da ubangida a ƙarƙashinta tana iya motsi yadda bolteji ya umarce ta, ko da yake ɗaukar ta a manna a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300 ba tare da yamutsewa ko tsagewa ba aiki ne da ke gaba.

Ina da yaƙinin cewa amfanin farko na hanyar ja da matsi ba a ma'adanar bayanai zai bayyana ba, zai bayyana ne inda cikas ɗin nan uku ba su da tasiri, wato inda ba a buƙatar juyi na digiri 180 kuma ake son abin ya yi rawa da gangan. A Jami'ar Kiel ta Jamus, Eckhard Quandt da abokan aikinsa suna ƙera 'yan ƙananan harsuna na silikon, a shafa musu AlN, wanda ke fitar da caji idan aka matse shi kuma ba shi da dalma, tare da shimfiɗar ƙarfe mai jin maganaɗisu. Fili mai rauni idan ya taɓa ƙarfen sai ya miƙe, harshen ya lanƙwasa, AlN ya fitar da bolteji. Filin maganaɗisun da bugun zuciyar mutum ke fitarwa ya gaza na duniya da kusan sau miliyan, kuma na'urorin da aka saba auna shi da su sai an sanyaya su da ruwan hiliyam. Waɗannan harsuna suna aiki a zafin ɗaki, an kuma nuna suna iya kama bugun zuciya idan aka maimaita awo sau da yawa aka tara, ko da yake hayaniyar girgiza da sautin ɗaki har yanzu tana damun su.

Eriya ma ta shigo ciki. Eriyar da aka saba da ita girmanta ya danganta da tsawon igiyar rediyo a iska, wanda a gigahaz 2.5 ya kai santimita 12. A 2017 tawagar Nian Sun a Jami'ar Northeastern da ke Boston ta ƙera eriya daga AlN da gaurayen baƙin ƙarfe da galiyam da boron, wadda ke rawa da igiyar sauti a cikin jikinta maimakon igiyar lantarki. Sauti a cikin AlN yana tafiyar kusan kilomita 10 a daƙiƙa, haske kuwa kilomita 300,000, saboda haka tsawon igiyar a cikin na'urar ya gajarta da dubban ninki, faifan da ke aiki a wannan zango kuma faɗinsa kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. Ƙarfin da take iya watsawa kaɗan ne, ba za ta maye gurbin eriyar waya ba a yanzu, amma ga na'urar da za a dasa a jikin majiyyaci, inda wuri ya yi ƙaranci kuma nama ke shanye filin lantarki fiye da yadda yake shanye na maganaɗisu, wannan ƙanƙanta ita ce abin da likitoci da injiniyoyi ke buƙata.